Taubashin da Mati Bai Nema Ba

Kowace shekara ƙungiyarmu takan karɓi ƴan sitaj, masu koyon aiki, daga Maradi, kuma kowace shekara sai ɗayansu ya tambaye ni, cikin ladabi, wai ko aikin nan yana da wani abu bayan zama kusa da mutum. Bana ma an tambaya. Ban iya ba da amsa nan take ba, don tun ina ɗalibi a lakwal bakina ba ya saurin buɗewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku.

Gaskiyarku, zama ne. Idan aka kama mutumin da jikinsa ya girma fahimtarsa ta tsaya a baya, irin wanda a ƙauye ake ce wa dolo ko bawan Allah, aka kai shi jandarmeri ko komisariya, mu ne muke zuwa mu zauna kusa da shi. Mu ba aboka ba ne, ba ma sa baƙar riga mu tsaya gaban alƙali. Mu ba likitoci ba ne. Mutanenmu kuma ba ciwon hauka ke damunsu ba, ku riƙe wannan tun yau. Hankalinsu yana nan, tafiyar hawainiya yake yi. Namu shi ne mu tabbata an gane abin da mutum yake nufi kafin a rubuta abin da ya faɗa.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Inna Habsu, tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Tasawa. Ranar da na fara zuwa wurinta, rungume nake da littafin dokar laifuffuka, na ja layi da jan bik ƙarƙashin kusan kowane sashe. Ta karɓa ta jinjina nauyinsa a hannu.

"Madalla, ɗana. Ni idona ya fara gudu, kai za ka riƙa karanta mini. Amma ɗayan hannun naka fa, mi yake ɗauke da shi?"

"Ba komai, Inna."

"To ga aikinsa."

Ta miƙo mini kujera ƴar tsugune, irin ta mata a bakin murhu. Shekara da shekaru haka ake ganina a titin Tasawa, littafi a dama, kujerar mata a hagu, masu shayi suna tambayata ko tuwo zan tuƙa wa alƙali.

Aikin farko da na bi ta, wani saurayi ne mai share garejin motoci, an ce ya ɗauki salular wani direba. Kafin mu iso ya riga ya amsa laifi, har an rubuta. Inna Habsu ta gaida ɗan sandan, ta tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nemi izinin yin tambaya.

"Sale, kai ka ɗauki salular?"

"I, Inna."

"Rijiyar bakin kasuwa ma da ta ɓace, kai ka ɗauke ta?"

"I, Inna."

"Ina ka aje ta?"

Ya tsaya tunani, don ba ya son ya ba babba kunya. Can ya ce, "A gida."

Ɗan sandan ya aje bik ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce a sake daga farko. Da aka sake, aka gano Sale bai ma shiga garejin ba ranar, yana gidan suna yana wanke kwanuka. A nan na koyi cewa yawancin mutanenmu an rene su a kan kada su musa wa babba, balle mai kaki. Kada ku taɓa yi musu tambayar da amsarta i ko a'a ce. Ku ce, "Ba ni labari." Sannan ku rufe baki, ku jira, ko da jiran ya kai shayi ya huce.

Kayan aikin ba su da yawa. Kujerar, don kada ka tsaya a kan mutum yana ƙasa. Wanda ake kallo daga sama ba ya magana. Buta, don sau da yawa ba wanda ya tuna ya tambaye shi ko yana son kewayawa, shi kuma ba zai nema ba. Ƙullin gyaɗa, don baki mai taunawa ya fi saurin sakin zance. Sai gwangwanin madara cike da tsakuwa da ƴan karare. Wanda ba ya iya jera labari da baki, idan ka zube masa tsakuwa a ƙasa ka ce wannan kai ne, wannan ƙofa ce, sau da yawa sai ya jera maka shi da hannu tsaf. Littafin doka ma yana cikin kayan, kada ku bar shi a gida. Akwai ranar da kujera ba ta isa, sai ka buɗe shafi ka nuna da yatsa.

Iyalai kuwa iri-iri ne. Akwai uwar da ba ta barin ɗanta ya buɗe baki, kana tambayarsa tana amsawa, har sai ka roƙe ta ta je ta nemo maka ruwan sanyi a can nesa. Akwai wan da zai ja ka gefe ya ce ko za a bar shi a ciki tukuna har a gama girbi, su huta. Akwai kuma ranar da mutuminka shi ya yi abin, ya kuma san bai kyautu ba. Ranar ba ma ƙarya. Muna zama dai kusa da shi, mu tabbata ya gane abin da ake yi da shi.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba daga Mayahi har Tasawa. Satar dabbobi ta yi yawa. Mutane suna kwana da igiyar jaki ɗaure a ƙafar gado. A kudu kuma ana ta jin labarin masu kwashe shanu su ce sai an biya fansa. A irin wannan shekara wanda ya rasa akuya ba ya neman bayani, wanda zai kama yake nema, kuma mutanenmu su ne masu sauƙin kamawa, don ba sa gudu. Inna Habsu lokacin gwiwoyi sun zaunar da ita a gida, ni kaɗai nake yawo.

Ranar wata kasuwar Tasawa, bayan la'asar, aka kira ni jandarmeri. Na tarar da wani ƙato zaune a ƙasa, ya ba talatin baya, da tsagen Gobirawa a kumatu, leɓensa a fashe, riga a yage. Sunansa Nomau, daga wani ƙauye kusa da Sarkin Hausa. Ya biyo maƙwabta masu sayar da awaki, suka rabu a cikin cunkoso. Abin da aka ce ya yi: ya kwance jakin wani manomi daga jikin amalanke, ya ja shi bayan rumfunan hatsi. Can jama'a suka same shi zaune gindin jakin yana ba shi ruwa a ƙwarya. Da jandarmomi ba su iso da wuri ba, da ba leɓe kaɗai zai fashe ba.

Na aje kujerata, na kwance gyaɗa. Ya ci. Na ce ya ba ni labarin jakin.

"Na kama shi," in ji shi.

"Daga nan fa?"

"Bai biya ba."

"Wa?"

"Mai jakin. In ya biya in ba shi abinai."

Jandarman da ke rubuta bayani ya dube ni, na dube shi. Mutum ya faɗa da bakinsa, ba tare da an matsa masa ba, cewa ya kama dabba yana jiran a biya. A waccan shekarar ba maganar da ta fi wannan muni. Na juya tambayar ta kowace fuska har magariba ta kusa, amsar ba ta canza ba. Tsakuwa ma na zube, ya ɗauki wadda na ce jaki ce ya ɓoye bayan ƙafarsa, ya miƙo mini tafin hannu.

Ku gane abin da ke gabansa. Satar dabba ba ƙaramin laifi ba ne a littafin da nake ɗauke da shi. Idan takardarsa ta wuce kotu, gidan kaso za a aje shi kafin shari'a, a jira likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi ya rubuto, likitan kuma ba a Tasawa yake ba, layinsa dogo ne. Na sha ganin irin Nomau a ciki. Galibi ba bugunsu ake yi ba. Abincinsu ake cewa su ba da, su kuwa su bayar, kullum, har ƙasusuwan wuya su fito.

Da safe na koma kafin a buɗe biro, wato ofis. Yayarsa Baraka ta iso a kan kabu-kabu, ƙura har gira, tun asuba take hanya. Kumandan jandarmerin ya sa aka shigo da mu duka. Mutum ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida, Bazabarme daga yamma, Hausarsa tana da ɗan gishirin can. Ya saurare ni har na gama.

"Bon, Malam Laminu, na ji ka. Ni ma na ga mutumin ba daidai yake da kowa ba. Amma ga mai ƙara, ga jaki, ga shaidu, ga bakinsa. In na sake shi, gobe kasuwa ta ce mun sayar da gaskiya. Hannuna a ɗaure yake."

Baraka ta ce, "Ranka shi daɗe, wasa yake."

"Hajiya, duk wanda aka kawo nan, ƴan'uwansa wasa suke cewa yake."

Ya juya ya dubi Nomau da kyau, karo na farko da hasken safe. Sai ya ga tsagen. Kun san tsakanin Zabarmawa da Gobirawa ba a gaisuwa sai da tsiya, ko a biro ne, ko a gidan mutuwa. Bakin kumandan ya riga shi.

"Af! Ashe Bagobiri ne! To ai da kun faɗa tun jiya, da ba mu ɓata takarda ba. Ku in ba ku ɗauki na mutane ba barci ba ya zuwa. Kai bawana, wa ya kwance ka ka shigo gari?"

Tun jiya fuskar Nomau a rufe take kamar ƙofar rumbu. Nan take ta buɗe. Ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, ya taka zuwa teburin, ya ɗauke hular kumandan da ke kan takardu, ya koma ya zauna a kanta. Ya miƙa tafin hannu.

"Na kama. Ƙosai."

Jandarman da ke bakin ƙofa ya yo ciki. Baraka ta dafe kai. Ni kuwa na buɗe littafina, ban san abin da nake nema a ciki ba. Kumandan ya ɗaga hannu ya tsai da yaronsa. Ya dubi tebur inda hular take, ya dubi Nomau da ke zaune daram yana murmushi da fasasshen leɓe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ni na jawo," in ji shi yana share ido. "Wallahi ni na fara. Shekara nawa ina zagin Gobirawa, yau na gamu da mai karɓar haraji."

Da ya natsu ya ce, "Dakor, na yarda. Ni da shi akwai wasa, kakanni suka bar muna. Amma mai jakin Bakatsine ne na Maijirgi. Mi ya haɗa su?"

Na ce wa Baraka ta ba mu labari, daga inda ta ga dama. Ta ce tun Nomau yana ƙarami yara suke tsokanarsa, ya dawo gida yana kuka. Uwarsu, Allah ya jiƙanta, ta gaji da rarrashi, sai ta ce masa duk wanda ya tsokane shi taubashinsa ne, kamar ɗiyan kawu, ƙauna ce ta sa, kuma taubashi in ya yi maka wasa kai ma kana da ikon kama kayansa har sai ya fansa. Nomau ya riƙe wannan ya manta da sauran karatun duniya. Tun daga ranar, wanda duk ya tsokane shi a garin, sai ya nemi fartanyarsa ko akuyarsa ya rasa, ya same ta bayan masallaci Nomau yana gadi. Fansar kuma ba ta canzawa, ƙosai ne.

"Har maigari ya taɓa biya," in ji ta. "Shi ya sa a garinmu ba a cika tsokanarsa ba. Ƙosai ya yi tsada."

Kumandan ya ce a kira mai ƙara. Sunansa Mati, siriri, mai ƴar furfura a gemu, ya kwana a Tasawa gindin amalankensa. Ba mugun mutum ba ne, ku sani. Nasa jakin ɓarayi na gaske sun tafi da shi da bazara. Wannan na surukinsa ne ya aro don ya kawo ƴar gyaɗar da ta tsira. Ku auna mutumin da zai koma Maijirgi ya tsuguna gaban suruki ya ce jakin ma ya bi na farko.

Na gaishe shi, na ce ya ba ni labarin lokacin da ya fara ganin Nomau.

"Ni ban san shi ba. Ban taɓa ganinai ba sai da aka kama shi."

Ban musa ba. Na zube tsakuwa a kan siminti. Na ce wannan amalanke, wannan jaki, wannan Malam Mati, waɗannan masu rumfa. Na ba Nomau tasa tsakuwar, na ce ya nuna mana daga inda ya fito. Jiya daga jaki na fara, shi ya sa ban samu komai ba.

Ya gyara zama a kan hular. Ya taho da tsakuwarsa a hankali, ta tsaya kusa da jaki. Ya ɗauki ta Mati ya matso da ita. Sai ya maƙale murya, ta fito siririya ta hanci, ta Mati sak, har da yadda yake jan ƙarshen magana.

"Kai ƙaton banza! Zo nan. Jama'a ku taya ni dubawa, tsakanin wanga da jakina wa ya hi wayo?"

Ya kaɗa tsakuwoyin masu rumfa, wai suna dariya. Shi ma ya yi dariyar, da dukan zuciyarsa. Ya nuna Mati da yatsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya don mu taya shi murna.

"Ya yi mini wasa. A gaban mutane."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Mati ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

"Magana ce ta kasuwa," in ji shi. "Kowa na yi."

"To shi ma abin da ya sani ya yi," in ji kumandan. "Ni dai ba zan tilasta ka ba. In ka ce ƙara tana nan, yanzu in sa hannu a wuce da shi."

"Ni ba taubashinai ba ne, mon kumandan. Ba mu haɗa kaka ba, ba mu haɗa gari ba. An kama shi da jakin surukina."

Baraka ta gyara lulluɓi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, gaskiyarka, ba ku haɗa komi ba. Amma shi a wurinai, wanda ya ce mishi haka a tsakiyar kasuwa ɗan'uwa ne mai wasa. Uwarmu ba ta gaya mishi akwai wani iri ba. In kai wani irin ne, faɗa mini, ni in gaya mishi yanzu da bakina, shi sani kafin a kai shi."

Ga inda zaman yake da wuya. Bakina cike yake da magana, sashen doka kaza, halin gidan kaso, duk na tanada. Na haɗiye. Mati ya dubi Nomau, Nomau ya miƙa masa tafin hannu yana jira. Mati ya tashi ya fita.

Jandarman ƙofa ya leƙa ya ce Mati ya wuce bakin titi. Kumandan ya jawo takardar gabansa, ya cire murfin bik, ya riƙe bai rubuta ba. Baraka tana motsa baki a hankali. Ni ina tattara tsakuwa ɗaya-ɗaya, don in samu abin yi da hannuna.

Ƙamshin ne ya riga Mati shigowa. Ƙosai mai zafi a ƙunshe cikin takarda, mai ya huda ta. Ya dangwara shi a tafin Nomau kamar mai jin haushi.

"Ungo. Ɓarawon banza. Allah ya isa tsakanina da Gobirawa."

"Jakinka na waje," in ji Nomau da baki cike. "Na ba shi ruwa."

Kumandan ya ce, "To ni fa? Hulata?"

"Kai ba ka biya ba."

Dole ya aiki yaronsa bakin titi. Hular ta dawo kansa a lanƙwashe, da ɗumi.

Sauran aikin nawa ne, kuma shi ne wanda ba a ba da labarinsa. Na tsaya har Mati ya janye ƙara a rubuce, aka karanta masa ya dangwala yatsa. Na tsaya har kumandan ya kira mai gabatar da ƙara a kotu ya yi masa bayani, aka amince a rufe dosiyen, wato takardun ƙarar, a nan. Na sa aka rubuta cewa Baraka ce ta karɓe shi, ta kuma yi alkawarin ba zai sake zuwa kasuwar da ba ta garinsu ba sai da wanda ya san shi. Kada ku taɓa tafiya don kun ga ana dariya. Dariya ba ta rufe dosiye.

Da muka fito rana ta take. Mati ya riga ya ɗaura jakin. Nomau ya zauna a bakin baranda ya tuɓe takalmansa yana kakkaɓe yashi. Amalanken ya zo wucewa ta gabansa, sai Mati ya duro, ya sure takalman biyu, ya cilla su kan buhunan da babu komai, ya haye ya tsunkuli jaki.

"Na kama!" ya yi ihu daga can. "In kana so, ka zo Maijirgi ka fansa. Ni fura nake sha, mai nono!"

Baraka ta bi shi da kira, bai waiwayo ba. Ƙasa ta yi zafi, tasha kuma da ɗan nisa. Na tsaya wurin mai tebur zan saya wa Nomau wasu na roba. Ya riƙe mini hannu.

"A'a. An kama. Sai na biya."

Haka ya taka har tasha ba takalmi, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe a kan yashi mai zafi. Duk wanda muka gamu da shi, mai lemo, ɗan kamasho, wata tsohuwa mai jiran mota, sai ya tsai da shi ya nuna masa ƙafafunsa.

"Ka gani? Taubashina ne. Na Maijirgi."